Taku 14 daga gadon Baba zuwa makewayi

Na ƙirga su da ƙafata da gari ya waye, bayan an tura shi ɗakin hoto. Daga bakin gadonsa zuwa ƙofar makewayi taku 14 ne. Inda aka tsince shi kwance, taku na tara ne.

A daren ina baranda, kwance kan kwali, na ƙudundune cikin bargo saboda sanyin hunturu. Ƙa'idar asibitin ke nan, a nan Kumasi ta ƙasar Ghana: takwas na dare na yi, masu jinya su fito waje, sai kuma da safe. Muna da yawa a barandar nan, Asantawa da Farafara da mu 'yan zango, kowa ya yi matashi da ledar kayansa. Huɗu ta ɗan gota, ladanai sun fara kiran farko, sai na ji ƙarfe ya daki ƙasa, salati ya biyo baya. Ko cikin mutum dubu ba zan kasa gane wannan muryar ba. Ban san lokacin da na banke ƙofa na shiga ba.

Yana kwance ta gefen dama, butarsa ta gangara ƙarƙashin gadon wani, silifas ɗaya a ƙafarsa, ɗaya can gefe. Na kai hannu zan ɗaga shi, nas ɗin da ke aikin dare ta daka mini tsawa, da Twi, harshen Asantawa, da Turanci a haɗe, wai kada in taɓa shi. A lokacin raina ya ɓaci, daga baya na gode mata. Ta durƙusa ta haska idonsa, ta shafa kansa ko ya bugu, ta tambaye shi sunansa da inda yake, sannan ta dubi ƙafafun. Ta dama ta fi ta hagu gajarta, tafin kuma ya kwanta ya juya waje. Ta ɗago ta dube ni, ba ta ce komai ba. Ni ma na gane.

Watan Janairun 2023 ne, Baba yana da shekara 79. Mutumin da ya yi shekara fiye da 40 yana fataucin goro, daga ƙauyukan Asante da Ahafo zuwa Legas da Kano, wanda ya ɗauki huhun goro a ka, ya kwana bisa kaya a bayan babbar mota sau ba adadi, bai taɓa ko gocewar ƙashi ba. Abin da ya kai mu asibiti daban ne. Ƙafafunsa suka kumbura, numfashi yana sarƙe masa in ya kwanta, likita ya ce zuciya ce ta yi rauni, ruwa ya taru a jiki. Kwana biyar ana ba shi magani, kumburin ya saɓe, har ana maganar sallama ranar Litinin. Da ciwon zuciya muka shiga, da karayar ƙugu muka fito.

Sai bayan kwana uku na iya tambayarsa. Ni ne ɗan fari, Baba ba ya kiran sunana, tsakanina da shi akwai kunya tun ina yaro. Na zauna a ƙasa kusa da gadon na ce, "Baba, me ya hana ku kiran nas?"

Ya daɗe yana jan carbi. Can ya ce, "Yarinyar nan, na yi jika da ita. Ni in buɗe baki in ce ta kawo mini kwalba?" Ya sake yin shiru, sannan ya ce, "Kuma ga asuba ta kawo jiki. Da wane tsarki zan gaida Ubangijina?"

Wannan amsa ita ce ta sa nake wannan rubutu. Duk wanda ya zo dubiya daga unguwannin Aboabo da Asawase abu ɗaya yake faɗa, tsautsayi ne, ba ya wuce ranarsa. Ban taɓa jayayya da ƙaddara ba. Amma ni tela ne, in ɗinki ya ɓaci nakan warware shi in ga inda zare ya fara karkacewa. Ƙanwata nas ce a Ankara, babban birnin Ghana, ta hawo mota ta zo Kumasi a daren da aka kira ta, mu biyu muka zauna muka warware daren nan zare-zare.

Maganin da ke fitar masa da ruwa, furosemide, wanda kowa ya fi sani da Lasix, aikinsa ke nan ya sa mutum fitsari. An yi masa allurarsa da yamma, ga shi kuma dattijo mai matsalar fitsari irin ta maza in sun manyanta. Ke nan tun da magariba an san zai tashi, ba sau ɗaya ba. Maganin kuma, tare da na hawan jini, yana sa jini ya sauka idan mutum ya miƙe farat ɗaya: jinin ya taru a ƙafafu, ƙwaƙwalwa ta rasa rabonta na ɗan lokaci, ido ya yi duhu, jiri ya kwashe mutum. Ƙanwata ta ce akwai awonsa, kuma ba wuya. A auna jini mutum yana kwance, a sake aunawa bayan ya tsaya minti ɗaya, da kuma minti uku. In lambar sama ta faɗi da 20, ko ta ƙasa da 10, to wannan mutum bai kamata ya miƙe shi kaɗai ba.

Sai abin da ya fi ci mini rai. A aljihun jallabiyarsa muka sami ƙwayar diazepam, Valium, da yake saya a kemis tun rasuwar mahaifiyarmu saboda rashin barci. Na san yana sha. Ranar da likita ya tambaya wane magani yake sha a gida, na lissafa na hawan jini kawai, don ban ɗauki wannan a bakin magani ba. A jikin tsoho ƙwayar nan takan daɗe ba ta fita ba, tana kashe jiki, ƙafa ta yi nauyi, hankali ya yi jinkirin kai ɗauki idan mutum ya yi tuntuɓe. Ya sha ɗaya a daren.

Tabaransa yana cikin jakata a baranda, na ɗauke don kada ya ɓata. Kwagirinsa yana gida, don mun ce ai asibiti za mu, ina zai je? Silifas ɗin roba ne na wanka, gindinsa ya sule. An rage fitilun ɗakin don marasa lafiya su yi barci. Dab da makewayi ruwa ya zuba a kan tarazo, wataƙila daga bokitin wani, wataƙila daga butarsa. Da jiri ya ɗebe shi ya kai hannu neman abin dafawa, abin da hannunsa ya samu shi ne ƙarfen rataya ledar ƙarin ruwa da aka bari a hanya, mai taya a gindi. Ya tafi da shi.

Ba na ɗora wa nas ɗin laifi. Su biyu ne a ɗaki mai gado fiye da 30, ɗaya tana kan wani da jikinsa ya rikice. Da ya kira, na tabbata da ta zo. Bai kira ba.

Ƙanwata ta nuna mini alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya a wayarta. Duk shekara kimanin mutum 684,000 ke mutuwa sanadin faɗuwa, fiye da kashi 80 cikin ɗari a ƙasashe marasa ƙarfi da masu matsakaicin hali, irin namu. In aka cire haɗarin mota, babu wani haɗari da ke kashe mutane kamarta, kuma waɗanda suka haura shekara 60 su ne suka fi yawa a ciki. Cikin masu shekara 65 zuwa sama, kusan ɗaya cikin uku yakan faɗi aƙalla sau ɗaya a shekara. Na karanta na yi shiru. Mu a zango muna tsoron hawan jini, muna tsoron suga, muna tsoron shanyewar ɓarin jiki, amma ban taɓa jin an zauna ana maganar faɗuwa a matsayin ciwo ba. Sai dai a ce wane ya zame a bayan gida, tun daga nan bai ƙara tashi ba, Allah ya ji ƙansa. Ku tuna tsofaffi nawa kuka sani da labarinsu ya ƙare haka.

An tura mu asibitin koyarwa na Komfo Anokye, wanda iyayenmu ke kira Ji, aka yi masa aiki. Kafin nan sai da aka kai ruwa rana a gida, domin kawunnaina sun dage a kai shi wurin mai ɗori. Ina girmama masu ɗori, sun ɗora mini hannu ina yaro. Amma wannan karaya a wuyan ƙashin cinya take, can cikin gaɓa, inda kara da tsumma ba sa kaiwa, kuma tsohon da aka kwantar wata uku yana jiran ƙashi ya kama, ciwon huhu da gyambon kwanciya da daskarewar jini a jijiya suna iya riga ƙashin. Katin inshorar lafiya ya taimaka, tunda wanda ya kai shekara 70 ba ya biyan kuɗin shekara, amma ƙarfen da aka sa masa mu muka haɗa kuɗinsa, ni da ƙannena da jama'ar masallacinmu. Allah ya saka musu.

Bayan aikin sai na koma wani kuskuren. Tsoro ya kama ni, na zama ɗan sanda a kansa. Ya motsa in ce Baba ku kwanta. Na ɗage ƙarafan gefen gado duka biyu. Wani ɗan'uwa har cewa ya yi a ɗaure masa zani a ƙugu a haɗa da gado da dare. Matar da ke masa gashin ƙashi, wata Ba'asantiya mai haƙuri, ita ta zaunar da ni. Ta ce kwanciyar da nake so ya yi ita ce za ta sake kayar da shi. Tsokar tsoho tana zubewa da sauri in ba a aiki da ita. An taɓa gwadawa a Amurka, a 2007, aka kwantar da dattawa masu ƙoshin lafiya kwana 10, suka tashi sun rasa kusan kilo ɗaya na tsoka a ƙafafu kawai. Wato kwana biyar ɗin da Baba ya yi a kwance kafin ya faɗi, mu muna murna yana hutawa, ƙafafunsa suna raguwa ne. Ƙarafan gefe kuwa, ta ce, suna tare mai barci kada ya mirgino, amma ba sa tare wanda ya yi niyyar sauka. Shi zai haura ne, ya faɗo daga inda ya fi tsawo.

Na ga haka da idona a gadon da ke kallon namu. Wani tsoho ne, Bazabarme, ɗan Sabon Zango. Da rana lafiya lau yake hira, yana jin Twi kamar Ba'asante. Dare na yi sai ya rikice, Twi ya ɓace masa, sai Zabarmanci da Hausa, yana cewa a buɗe masa ƙofa zai je kasuwa. 'Ya'yansa suka ce gigin tsufa ne, wasu suka ce iska. Ashe ciwon sanyi ne a mafitsara da ƙarancin ruwa a jiki, da aka ba shi magani cikin 'yan kwanaki ya dawo hayyacinsa. Irin wannan ruɗewa ta farat ɗaya tana yawan samun tsofaffi a asibiti, kuma a cikinta ake faɗuwa. Wani dare na same shi ƙafa ɗaya a kan ƙarfen gado. Ban kama shi da ƙarfi ba. Na ce, "Baba, kasuwa ba ta ci ba tukuna, ku zauna mu jira gari ya waye." Jin Hausa kawai ya sa ya dube ni, ya mayar da ƙafar. In tsohonku yana asibiti, ku gaya wa ma'aikata harshen da ya tashi da shi, ko da ya iya wasu goma.

Har yau ina mamakin wani abu da ƙanwata ta gaya mini. A ƙasashen da ke da kuɗi akwai gado mai ƙararrawa, da mara lafiya ya ɗaga jiki sai ta yi ƙara. Da aka gwada a wani asibiti a Amurka, binciken da ya fito a 2012 bai ga faɗuwa ta ragu ba. Amma a Ostireliya, a binciken da aka buga a 2015, ma'aikata sun riƙa zama da kowane mara lafiya su fahimtar da shi haɗarinsa, su tsara tare da shi yaushe zai tashi da kansa, yaushe zai nemi taimako, sai faɗuwa ta ragu ƙwarai. Na ce to ai wannan muna da shi. Ba mu da gado mai ƙararrawa, amma muna da baki, muna da mai jinya a baranda.

Sai dai maganar da za ta shiga kunnen Baba ba tawa ba ce, ba ta likita ba ce. Na je na ɗauko limaminmu, wanda suka yi makarantar allo tare. Ya zo da ɗan dutse sumul a aljihu, ya ajiye a kan akwatin gefen gado. Ya ce, "Alhaji, kai da ka karanta, ni zan tuna maka?" Ya karanta masa aya ta 6 cikin Suratul Ma'ida, inda Allah ya yi wa mara lafiya rangwamen taimama. Ya kawo hadisin Imrana ɗan Husaini da ke cikin Buhari, wanda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce masa ya yi salla a tsaye, in bai iya ba a zaune, in bai iya ba a kishingiɗe. Sannan ya sassauta murya ya ce, "Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Yarinyar nan aikinta ne, lada take nema. Kai kuma jikinka amana ne." Baba bai ce komai ba, amma ya miƙa hannu ya ɗauki dutsen ya juya shi.

A daminar 2024 ruwan ya sake taruwa, muka koma asibiti. Wannan karo da shiri na je. Duk wani magani da ke ɗakinsa na zuba a leda ɗaya, har da na gargajiya da Piriton ɗin mura, na juye a gaban likita. Valium dama an riga an janye masa a hankali, ba dare ɗaya ba, domin yanke shi kwatsam ma haɗari ne. Tun a bakin ƙofa na ce wa nas, ya taɓa faɗuwa, ya karye. Na lura da jin haka ta canza fuska ta jawo wata takarda. Ƙanwata ta ce a ma'aunin haɗarin faɗuwa na Morse, wanda asibitoci da yawa ke amfani da shi tun 1989, tambaya ta farko ke nan, domin wanda ya faɗi sau ɗaya shi ya fi kusa da sake faɗuwa. Na roƙi a ba shi gado kusa da teburin nas-nas, aka ba shi. Na tambayi likita ko za a iya ba shi maganin fitsarin da safe da kuma azahar maimakon yamma, ya duba ya ce babu laifi. Tambaya ɗaya, minti ɗaya.

Tabarau da tocila da dutsen taimama a kan akwati, ta hannun dama. Sandarsa mai ƙafa huɗu a jingine inda hannu zai kai. Takalmi mai rufin dunduniya da gindin roba mai kama ƙasa, na saya a kasuwar Kejetia, silifas kuwa na bar shi a gida. Kwalbar fitsari na ɗinka mata jaka da ragowar yadin shadda, mai igiya, na rataye a jikin gado, yadda ba wanda zai san mene ne a ciki. Wannan 'yar jaka ta yi aikin da wa'azina na shekara guda bai yi ba. Na kuma je wurin babbar nas na yi mata bayani, ta yarda in riƙa shiga minti goma da ƙarfe goma na dare, da kuma huɗu na asuba. Ba na jira ya nema. Nakan ce, "Baba, zan zaga, ko za ku raka ni?" Sai ya zama shi ne yake yi mini rakiya.

Tashin ma da tsarinsa. Ya juya gefe, ya sauko da ƙafafu, ya zauna a bakin gado har tafinsa ya taɓa ƙasa sosai. Mai gashin ƙashi ta ce ya zauna kamar minti ɗaya yana motsa ƙafa. Baba ba mai duba agogo ba ne, sai muka mayar da shi Ƙulhuwallahu ƙafa uku da Falaƙi da Nasi. In ya shafa, in tambaye shi ko akwai jiri. Ya miƙe, ya tsaya, ya yi salatin Annabi, sannan taku na farko. Ni ina ɓangaren ƙafar da aka yi wa aiki, ɗan baya kaɗan, hannuna a bayansa, ba na jan hannunsa. Kafin mu tashi na riga na bi hanyar da tocila na ga ko akwai ruwa. Sau biyu na samu, na nemo tsumma na goge da kaina.

Ta kuma koya mini wani gwaji da nake masa a gida duk wata: ya tashi daga kujera, ya yi tafiyar mita 3, ya juyo ya zauna, ni ina duba agogo. Daƙiƙa 12 ko fiye alama ce ta haɗari. Baba yana wuce haka har yanzu, shi ya sa ba mu saki jiki ba.

Ƙidayar 2021 ta nuna Ghana na da mutum miliyan 30.8, kusan miliyan 2 daga ciki sun kai shekara 60. Gidajen kula da tsofaffi sun fara yawa a Ankara da nan Kumasi. Mu a zango har yanzu abin kunya ne a ce ka kai mahaifinka can, amma na san gidajen da 'ya'ya duk suna Jamus da Amurka, sai dai a ɗauki mai kula a biya ta. Wanda hali ya kai shi ga haka, kada kyan fenti ya ɗauke masa hankali. Ya shiga makewayin ya ga ko akwai ƙarfen dafawa, ya taka tayil ɗin da jiƙaƙƙen takalmi, ya tambaya mutum nawa ke aikin dare, da wace fitila ke kamawa in an ɗauke wuta. Ya tambaya kuma, in tsoho ya faɗi, me suke yi. Wanda ya bugu a kai, musamman mai shan maganin tsinka jini irin su warfarin, jini na iya taruwa a hankali cikin ƙoƙon kai, sai bayan kwanaki ko makonni a ga yana yawan barci ko yana shirme. Ba a cewa ai ya tashi ya karkaɗe jiki, shi ke nan.

Daren ƙarshe kafin a sallame mu, an kwana ana ruwa, gajiya ta kwashe ni a baranda. Na farka a firgice, huɗu da kwata, na makara. Na tashi da gudu, ina isa taga sai na ji muryarsa, ƙasa-ƙasa, cikin Twi ɗinsa na 'yan goro: "Me ba, mepa wo kyɛw." 'Yata, don Allah. Daga can teburin aka amsa, "Nana, mereba." Kaka, ina zuwa. Na tsaya a inda nake, hannuna a kan ƙarfen taga. Na ji takunta, na ji an jawo labule an zagaye gadon. Bayan ɗan lokaci aka yaye labulen, ta wuce da 'yar jakar shadda a hannu. Sai na ji tafinsa ya sauka a kan dutse, sau ɗaya, sannan na biyu. Na ɗauki butata na nufi famfo.